Haɗa Fankokin Sanyaya Kwamfuta da Uwar-Allo

1.0 Gabatarwa

Duk na'urar da ke aiki da wutar lantarki tana fitar da zafi, kuma kwamfuta ba ta fita daga wannan ƙa'ida ba. Mafi yawan wutar da sassanta ke sha tana rikiɗewa ne ta zama zafi, wanda dole a fitar da shi waje kafin ya yi ɓarna. Wannan shi ne aikin fankokin da ake girkawa a cikin akwatin kwamfutar tebur. Sau da yawa mai harhaɗa kwamfuta yakan mayar da hankali ga manyan sassa masu tsada, ya bar fankoki zuwa ƙarshe, ya soka filoginsu a duk inda ya ga sun shiga. Idan ya kunna ya ga suna juyawa, sai ya ɗauka aiki ya kammala. Sai dai juyawar fanka kaɗai ba ta tabbatar da cewa kwamfuta na samun sanyin da take buƙata. Fanka tana yin cikakken aiki ne idan an jona ta a wurin da uwar-allo za ta iya sanin saurinta, ta kuma ba ta umarnin ƙarawa ko ragewa. Wannan babi zai yi bayani a kan ire-iren filogin fanka, da wuraren da ake jona su, da alƙiblar iska, da matakan haɗawa, da kuma kurakuran da aka fi yi.

2.0 Ma'anar Wasu Keɓaɓɓun Kalmomi

Kafin a shiga bayani, ya dace a fayyace kalmomin da za a riƙa amfani da su. Wasu ararru ne da suka zauna a bakin masu gyara, wasu kuwa an ƙirƙiro su bisa tsarin ginin kalmar Hausa.

Uwar-allo: babban allon nan mai ɗauke da hanyoyin wuta, wanda ake dasa dukkan sauran sassa a kansa. Masu gyara suna kiran sa madabod.

Furosesa: ɗan ƙaramin sashen da ke gudanar da lissafi da umarni, wanda wasu ke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yana cikin sassan da suka fi fitar da zafi.

Mazuƙin zafi: ƙarfen alminiyum ko na tagulla mai siraran faifai a jere, wanda ake ɗorawa a kan furosesa domin ya janye zafinta ya miƙa wa iska.

Majoni: 'yan tsinkayen ƙarfe da ke tsaye a kan uwar-allo, inda ake soka filogin fanka. An gina kalmar daga aikatau jona, kamar yadda aka sami mazauni daga zauna. Jam'inta majonai.

Fawa-fak: akwatin ƙarfen da ke karɓar wutar gida, ya sauya ta zuwa ƙaramar wuta mai ƙarfin bolt 12 da 5 da 3.3, ya raba wa sassan kwamfuta.

3.0 Dalilin Sanyaya Kwamfuta

Furosesa ta kwamfutar ofis takan fitar da zafin da ya kai wat 65, manyan kuwa sukan haura wat 200 idan aiki ya yi nauyi. Duk wannan zafi yana fitowa ne daga wani ɗan fili da bai kai tafin hannun jariri ba. Idan zafin ya kusanci digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, furosesocin kamfanonin Intel da AMD sukan rage saurin aikinsu da kansu domin kare kai. Idan kuma hakan bai wadatar ba, sai kwamfuta ta ɗauke gaba ɗaya, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Har ila yau, zafi mai ɗorewa yana rage kwanan sauran sassan da ke kan uwar-allo.

Akwai wani al'amari da ya kamata mazauna ƙasar Hausa su lura da shi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take turawa ta ratsa sassan kwamfuta. Don haka, ba za ta iya sanyaya wani sashe ya sauka ƙasa da zafin ɗakin da ake ciki ba. Furosesar da ke tsayawa a digiri 70 a ɗaki mai digiri 25, za ta kusanci digiri 85 idan zafin ɗakin ya kai 40, muddin aikin da saurin fankar ba su sauya ba. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Afirilu da Mayu. Ke nan, sakacin da kwamfuta za ta jure a ƙasa mai sanyi yana iya durƙusar da ita a lokacin bazara, musamman a ɗakunan kwamfuta na makarantu inda na'urori da dama ke aiki a wuri guda ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba.

4.0 Ire-iren Filogin Fanka

Fankokin kwamfutar tebur suna aiki da bolt 12, kuma an fi samun su a faɗin milimita 80 da 92 da 120 da 140. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu sosai ba, shi ya sa ƙararta ba ta kai ta ƙarama ba. Ta fuskar filogi kuwa, an kasa su gida uku.

4.1 Mai Rami Uku

Wannan filogi yana da wayoyi uku. Ta farko ita ce ta ƙasa, wato hanyar da wuta ke komawa. Ta biyu ita ke kawo bolt 12. Ta uku kuma ita ce ta rahoto: duk zagaye ɗaya da fanka ta yi, takan aika wa uwar-allo sigina sau biyu, daga nan uwar-allo ta lissafa yawan zagayen da ake yi a minti guda. Hanya ɗaya ce ake rage saurin irin wannan fanka, wato a rage ƙarfin wutar da ke isa gare ta, daga bolt 12 zuwa 7 ko 5. Sai dai idan aka rage fiye da kima, fankar takan kasa tashi.

4.2 Mai Rami Huɗu

Wayoyi ukun farko iri ɗaya ne da na sama. Ta huɗun ita ce ta umarni. Wannan tsari, wanda ake yi wa laƙabi da haruffan PWM, ya bazu ne tun daga wajajen shekarar 2004 bayan da kamfanin Intel ya fitar da ƙa'idojinsa. A nan wutar bolt 12 ba ta raguwa. Uwar-allo tana aika sigina mai kunnawa da kashewa kimanin sau 25,000 a daƙiƙa guda, sai wani ɗan sashe a cikin fankar ya fassara ta. Idan lokacin kunnawa ya fi tsawo, fanka ta ƙara gudu. Idan ya gajarta, ta sassauta. Amfanin wannan tsari shi ne fanka tana iya tafiya a hankali ƙwarai ba tare da ta tsaya ba.

4.3 Mai Jonuwa da Fawa-fak

Akwai fankoki, musamman waɗanda ke zuwa tare da akwatuna masu araha, da ke da faffaɗan filogi irin na tsofaffin na'urorin faifai, wanda ake kira Molex. Waɗannan suna shan wuta kai tsaye daga fawa-fak. Uwar-allo ba ta san da zamansu ba, ba ta iya rage saurinsu, kuma idan sun tsaya ba ta da labari.

An ƙera filogi mai rami uku da mai huɗu ta yadda za su shiga majonin juna. A jikin kowane majoni akwai wani ɗan harshen roba a tsaye, a jikin filogi kuma akwai kwarmi da ya dace da shi. Idan aka soka mai rami uku a majoni mai tsinke huɗu, harshen zai daidaita shi, tsinke na huɗu ya rage a waje, kuma babu laifi a hakan.

5.0 Majonan da ke kan Uwar-allo

Kowane majoni yana da suna da aka buga da ƙananan haruffa a gefensa, kuma littafin da ke zuwa tare da uwar-allo yana nuna taswirarsu. Sunayen sukan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma waɗannan su ne aka fi gani.

CPU_FAN: wannan na fankar da ke kan mazuƙin zafin furosesa ne, kuma yawanci yana sama, kusa da furosesar. Shi ne mafi muhimmanci, domin saurinsa yana bin zafin furosesa. Uwayen-allo da dama, idan ba su ji rahoto daga wannan majoni ba yayin kunnawa, sukan tsaya su nuna gargaɗi a kan allon kallo.

CPU_OPT: na fanka ta biyu ne idan mazuƙin zafi yana ɗauke da fankoki biyu. Galibi yana bin umarnin da aka ba na farko.

SYS_FAN ko CHA_FAN: waɗannan na fankokin jikin akwati ne. Sukan zo da lambobi, 1, 2, 3, a warwatse a gefunan uwar-allo.

AIO_PUMP ko PUMP_FAN: na famfon da ke zagaya da ruwa ne a kwamfutocin da ake sanyayawa da ruwa. Yawanci an saita shi ya ba da cikakken gudu a kowane lokaci.

Akwai kuma wasu majonai masu kama da waɗannan waɗanda ba na injin fanka ba ne. Su ne na fitilun ado masu launi, kuma ba su da harshen roba. Mai tsinke huɗu a jere yana ba da bolt 12, mai tsinke uku da giɓi a tsakani kuwa bolt 5 yake bayarwa. Fanka mai fitilu tana da wayoyi kashi biyu, na inji da na fitila, kowanne da wurinsa. Idan aka jona fitilun bolt 5 a majonin bolt 12, nan take suke ƙonewa. A nan ne ake cewa garin neman gira an rasa ido.

6.0 Alƙiblar Iska

Jona waya daidai ba ya wadatarwa idan fanka tana fuskantar inda bai dace ba. Kowace fanka tana da fuska biyu. Iska tana shiga ta buɗaɗɗiyar fuska, ta fita ta fuskar da ke da sandunan roba masu riƙe da inji, inda aka fi manna takardar da ke ɗauke da bayanin wuta. Wasu kamfanoni sukan zana 'yan kibau biyu a gefe, ɗaya na nuna inda fikafikai ke juyawa, ɗaya na nuna inda iska ke nufa.

Tsarin da aka saba bi shi ne fankokin gaba da na ƙasa su shigo da iska, na baya da na sama su fitar da ita. Fankar mazuƙin zafi mai tsaye kuma ta tura iska ta ratsa faifan ta nufi fankar baya. Da haka iska ke samun hanya miƙaƙƙiya. Idan aka juya fankar baya tana shigo da iska, sai ta yi karo da ta furosesa, zafi ya riƙa zagayawa a cikin akwati.

Bugu da ƙari, ya fi kyau iskar da ke shiga ta ɗan rinjayi wadda ake fitarwa, misali fankoki biyu a gaba, ɗaya a baya. Idan aka yi haka, rarar iskar za ta riƙa fita ta 'yan ƙofofin akwati, ita kuwa mai shiga ta biyo ta ragar tace ƙura da ke gaba. Idan masu fitarwa suka fi yawa, akwati zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa da ba ta da raga. Wannan batu yana da nauyi a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke ɗauko lallausar ƙura daga Sahara ta baza ta a ko'ina. Ƙurar da ta taru tsakanin faifan mazuƙin zafi takan zama kamar bargo, ta hana zafi fita.

7.0 Matakan Haɗawa

Na farko, a kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, sannan a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi domin sauran wutar da ta maƙale ta fice.

Na biyu, mai aiki ya taɓa ƙarfen akwati kafin ya taɓa uwar-allo, ya kuma riƙa maimaita hakan. Jikin mutum yana tara wata irin wuta, wadda akan ji ta ɗan tsikara idan an taɓa ƙarfe ko an ji ƙyas-ƙyas yayin tuɓe rigar sanyi. Ta fi yawa a busasshen yanayin hunturu, kuma tana iya lalata sassan kwamfuta ba tare da an ga wata alama ba.

Na uku, a ƙirga fankoki, a ƙirga majonai, a tsara wadda za ta tafi ina tun kafin a ɗaura komai. A juya kowace fanka ta yadda wayarta za ta fito ta kusurwar da ta fi kusa da majoninta.

Na huɗu, a ɗora mazuƙin zafi bayan an ɗiga man da ke sadar da zafi a tsakiyar furosesa, kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama. Idan akwai leda a ƙasan mazuƙin, a ɓare ta. Ya fi sauƙi a jona fankarsa a CPU_FAN tun uwar-allo tana kan tebur, domin wurin yakan matse bayan an sa ta a akwati.

Na biyar, a ɗaura fankokin akwati da kusoshinsu huɗu-huɗu, ana ɗaurewa daga kusurwa zuwa kishiyarta. Kada a matse har robar ta lanƙwashe.

Na shida, a daidaita kwarmin filogi da harshen majoni, a tura a hankali har ya zauna. Idan ya ƙi shiga, akwai dalili, domin ruwa ba ya tsami banza. A zare a sake dubawa, kada a yi ƙarfi. Idan kuma za a cire, a kama jikin filogin, kada a ja waya.

Na bakwai, a tattara wayoyi a ɗaure su a bayan farantin da uwar-allo ke kai, ta yadda babu wadda za ta taɓa fikafikai ko ta tare hanyar iska.

Na takwas, a kunna kwamfuta murfin gefe yana buɗe, a tabbatar kowace fanka ta tashi. A kusanto da ɗan siririn ƙyalle ko takarda daga wajen akwati domin a ga inda iska ke nufa.

8.0 Idan Fankoki Sun Fi Majonai Yawa

Ƙananan uwayen-allo sukan zo da majonin akwati ɗaya ko biyu kacal. A irin wannan hali ana amfani da waya mai rassa, wadda ke raba majoni ɗaya ga fankoki biyu ko uku. Amma kowane majoni yana da iyakar wutar da zai iya ɗauka. A mafi yawan uwayen-allo iyakar ita ce amfiya 1, wato wat 12, kuma littafin uwar-allo shi ne zai tabbatar da haka. A bayan kowace fanka an rubuta abin da take sha. Misali, fankoki uku masu shan amfiya 0.2 kowace sun tashi a 0.6, kuma wannan yana cikin iyaka. Fankoki huɗu masu shan 0.3 kuwa sun tashi a 1.2, sun wuce iyaka ke nan, suna iya ƙona majonin. Ya kamata a bar rata, domin fanka ta fi jan wuta a daidai lokacin tashi.

Mai lura zai ga cewa a waya mai rassa, reshe ɗaya ne kawai ke da cikakkun tsinkaye, sauran babu na rahoto. Da gangan aka yi haka, domin idan fankoki biyu suka aika rahoto ta waya guda, lissafi zai rikice. Illar ita ce, idan fankar da ke kan wani reshen ta tsaya, uwar-allo ba za ta sani ba. Idan fankoki sun yi yawa ƙwarai, gara a yi amfani da ɗan akwatin tara fankoki, wanda ke ɗaukar wuta daga fawa-fak ta filogin SATA, ya karɓi umarni kawai daga majonin uwar-allo.

9.0 Daidaita Sauri

Bayan an gama aikin hannu, sai a shiga shirin da ke kula da uwar-allo, wato BIOS ko magajinsa UEFI, ta hanyar danna maɓallin Del ko F2 da zarar an kunna. A can ana ganin zafin furosesa da saurin kowace fanka. Abu na farko shi ne a zaɓa wa kowane majoni tsarin da ya dace da fankar da ke kansa: PWM ga mai rami huɗu, DC ga mai rami uku. Fanka mai rami uku da aka bari a tsarin PWM za ta yi ta gudu iya ƙarfinta, domin ba ta da wayar karɓar umarni.

Abu na biyu shi ne jadawalin sauri, wanda ke nuna gudun da fanka za ta yi a kowane matakin zafi. Uwar-allo takan zo da zaɓi irin su na shiru da na matsakaici da na cikakken gudu. Wanda ke aiki a ɗaki mai zafi ya fi dacewa ya zaɓi jadawalin da fanka ke ƙara gudu da wuri, ko da ƙara za ta ɗan yi yawa, tun da haƙuri da ƙara ya fi sauƙi a kan sayen sabon sashe.

10.0 Kurakuran da Aka Fi Yi

Mafi yawan kuskure shi ne jona fankar furosesa a majonin akwati. Fankar za ta juya, amma saurinta zai iya bin zafin wani wuri dabam, ta riƙa tafiya a hankali alhali furosesa na dahuwa. Na biye da shi shi ne kashe gargaɗin rashin fanka a BIOS ba tare da an binciki dalilinsa ba. Akwai kuma soka filogi a karkace da ƙarfi har harshen roba ya karye, da girka fanka a juye, da barin waya tana lilo kusa da fikafikai.

Ta fuskar kulawa, ya kamata a riƙa wanke ragar tace ƙura a shanya ta sosai kafin a mayar, a kuma hure faifan mazuƙin zafi, musamman bayan wucewar hunturu kafin shigowar bazara. Yayin hurawa da injin iska, a riƙe fikafikai kada su yi ta juyawa, domin gudun da ya wuce kima yana lalata gindin da suke juyawa a kai. Haka kuma, ɗora akwati a kan tebur ya fi ajiye shi a ƙasa inda ƙura ta fi yawa.

11.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kowace waya a filogin fanka tana da aikinta: biyu na wuta, ɗaya ta rahoto, ɗaya ta umarni. An kuma ga cewa kowane majoni yana da fankar da aka tanadar masa da iyakar wutar da zai ɗauka, sannan alƙiblar iska da jadawalin sauri su ne ke cika aikin. Fanka tana cikin mafi arhar sassan kwamfuta, amma lafiyar masu tsadar ta dogara ne da ita. Don haka, mai harhaɗawa ya karanta sunan majoni kafin ya soka filogi, ya kuma duba BIOS kafin ya rufe murfi.

Tambayoyi

1. Bayyana aikin kowace waya a filogin fanka mai rami huɗu.
2. Me ya sa ake son iskar da ke shiga akwati ta rinjayi wadda ke fita?
3. Fankoki biyar masu shan amfiya 0.25 kowace za su iya zama a majoni ɗaya mai iyakar amfiya 1? Kawo dalili.
4. Yi nazarin ginin kalmomin majoni da mazuƙi da uwar-allo, sannan ka kawo wasu kalmomin Hausa uku-uku masu irin gininsu.
5. Rubuta bayani mai shafi ɗaya a kan yadda ake harhaɗa wata na'ura da ka sani, kana bin tsarin matakai kamar yadda aka yi a sashe na 7.0.